Duwatsun Birnin Meziko: Waɗanda Aka Binne, Aka Tono, Aka Ƙwace

Birnin Meziko yana zaune ne a kan wani birni da ya riga shi, wato Tenochtitlan, hedikwatar mutanen Mexica waɗanda duniya ta fi sani da Aztek. Sun kafa ta a kan wani tsibiri a tsakiyar tafki a shekarar 1325, Sifaniyawa kuma suka ci ta da yaƙi a ranar 13 ga Agusta, 1521, suka rushe haikalanta, suka gina majami'u da fadoji da duwatsun da suka rushe. Saboda haka duk wanda ya haƙa ƙasa a tsakiyar birnin, don kwalbati ne ko don wayar lantarki, yana iya cin karo da abin da aka binne shekara ɗari biyar da suka wuce, kuma da yawa daga cikin manyan abubuwan da ke gidajen adana kayan tarihi na birnin ta irin wannan hanya suka fito. Yadda hukumomi suka bi da su bayan fitowarsu shi ne ya fi nuna matsayin da aka ba 'yan asalin ƙasar a kowane zamani.

A shekarar 1790, lokacin da ake gyaran babban dandalin birnin, ma'aikata suka tono manyan duwatsu biyu. Na farko, wanda ya fito a watan Agusta, gunkin Coatlicue ne, uwar alloli a addinin Mexica, mai tsawon kimanin mita biyu da rabi, wadda a maimakon kai aka sassaƙa mata kawunan macizai biyu suna fuskantar juna, zanenta saƙar macizai ne, abin wuyanta kuma hannaye da zukatan mutane ne da ƙoƙon kai a tsakiya. Na biyu, wanda ya fito ranar 17 ga Disamba, shi ne Dutsen Rana, faifai mai faɗin kimanin mita 3.6 da nauyin kusan tan 24, wanda aka zana wa alamomin kwanaki ashirin na watan Mexica kewaye da wata fuska. Dutsen Rana ya samu karɓuwa domin ya nuna lissafi da sanin taurari, aka jingina shi a jikin hasumiyar babbar majami'a, inda ya zauna har 1885. Coatlicue kuwa an kai ta harabar jami'a, amma da malaman coci suka lura 'yan asalin ƙasa suna zuwa wurinta da kyandir da sadaka, sai suka sa aka sake binne ta. An tono ta a 1803 domin masanin nan Bajamushe Alexander von Humboldt ya gan ta, yana gama dubawa aka mayar da ƙasa a kanta. Baƙo daga Turai ya samu izinin kallon abin da aka haramta wa jikokin masu shi, kuma wannan rashin adalci bai ƙare da mulkin mallaka ba.

Bayan samun 'yancin kai aka kafa gidan tarihi na ƙasa a 1825, aka mayar da shi tsohon gidan buga kuɗi a 1865, aka kuma kafa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, INAH, a 1939.

Ginin da ake ziyarta a yau, Gidan Tarihin Nazarin Ɗan'adam na Ƙasa, an buɗe shi ne a dajin shaƙatawa na Chapultepec ranar 17 ga Satumba, 1964, a zamanin Shugaba Adolfo López Mateos, bisa zanen Pedro Ramírez Vázquez. Ɗakunan ƙasa sun ƙunshi abin da masu haƙo kayan tarihi suka samo: manyan kawunan dutse na Olmek, waɗanda suka yi zamani tun kafin haihuwar Annabi Isa, kayan tsohon birnin Teotihuacan, da abin rufe fuska na koren dutse mai daraja da Alberto Ruz ya samo a 1952 a kabarin Pakal, sarkin Maya na Palenque wanda ya rasu a shekarar 683. Benen sama kuma an keɓe shi ga tufafi, gidaje da sana'o'in ƙabilun da ke raye. Sai dai tsarin ginin kansa yana ɗauke da ra'ayi, domin ɗakin Mexica ne aka sa a ƙurya daidai saitin ƙofar shiga, aka ɗaga rufinsa fiye da na sauran, aka kafa Dutsen Rana a tsakiyarsa, kamar dukan al'ummomin da suka gabata share fage kawai suka yi wa daular da ta zauna inda gwamnatin yau take zaune. Marubuci Octavio Paz ya soki wannan tsari a littafinsa Posdata na 1970, kuma sukar tana da tushe, tun da yawancin mutanen Maya ba su taɓa zama ƙarƙashin Mexica ba.

Abin da ya fi bayyana wannan hali shi ne ƙaton dutsen da ke tsaye a bakin hanyar shiga, mai tsawon kimanin mita bakwai da nauyin fiye da tan 160, wanda jama'a ke kira Tlaloc, gunkin ruwan sama, ko da yake wasu masana na ganin siffar Chalchiuhtlicue ce, gunkiyar koguna da tafkuna. Ɗaruruwan shekaru ya yi kwance a wani kwari kusa da ƙauyen Coatlinchán. Da gwamnati ta yanke shawarar ɗauko shi, mutanen ƙauyen suka tashi suka lalata kayan aikin, suka fasa tayoyin babbar motar da aka ƙera musamman domin ɗaukarsa, sai aka turo sojoji, aka kuma yi musu alƙawarin makaranta da asibiti da hanya. Ranar 16 ga Afrilu, 1964 aka shigo da dutsen birni, aka kuwa tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, jaridu suka yi ta yayata wannan, yayin da ƙauyen da aka raba da dutsensa ya koma da kwafi da aka kafa masa shekaru bayan haka.

Gida na biyu mafi muhimmanci shi ne na Templo Mayor, babban haikalin Tenochtitlan, wanda ke da ɗakunan bauta biyu a samansa, ɗaya na Huitzilopochtli gunkin yaƙi, ɗaya na Tlaloc. A watan Fabrairu na 1978 ma'aikatan kamfanin lantarki suka ci karo da wani faifan dutse mai faɗin fiye da mita uku, ɗauke da siffar gunkiya Coyolxauhqui an yanyanka gaɓoɓinta, wannan ne ya sa aka rushe gine-ginen da ke wurin, masanin kayan tarihi Eduardo Matos Moctezuma ya jagoranci haƙar, aka buɗe gidan tarihin a 1987. Fifikon wannan gida shi ne kayan suna nan inda aka same su, kuma ramukan sadaka da aka buɗe sun fito da murjani da kifayen teku daga gaɓoɓi biyu na ƙasar, da ƙasusuwan kada, har da wani abin rufe fuska na Olmek da ya girmi haikalin da kimanin shekara 2,000, abin da ke nuna cewa su ma Mexica suna tattara kayan magabatansu suna girmama su.

Dokar tarayya ta 1972 ta mayar da duk kayan da suka gabaci zuwan Sifaniyawa mallakar ƙasa, doka ce mai amfani wajen daƙile fataucinsu, ko da yake tsaron gwamnati ma ya taɓa gazawa, domin a daren Kirsimeti na 1985 wasu ɗalibai biyu sun sace fiye da guda ɗari daga gidan tarihin da ke Chapultepec, har da abin rufe fuskar Pakal, sai a 1989 aka gano mafi yawansu. Amma dokar ba ta amsa tambayar mutanen Coatlinchán ba, a ƙasar da ta amince da harsunan asali 68, inda masu jin Nahuatl, harshen Mexica, suka haura miliyan ɗaya da rabi. Amsa mafi kyau ta fito ne daga ƙauyuka: da aka tono tsofaffin kaburbura a dandalin Santa Ana del Valle, wani garin Zapotek a jihar Oaxaca, mutanen garin suka nemi a bar musu kayansu, suka buɗe gidan tarihinsu mai suna Shan-Dany a 1986 tare da taimakon masanan INAH, kwamitin da taron gari ke zaɓa shi ke tafiyar da shi, kuma wasu garuruwa da dama a jihar sun bi sahunsu.