Nintendon da ba Nintendo ba

A hutun bara ina neman tsofaffin takarduna a ɗakin Inna a Maradi, sai na ci karo da akwatin wasanmu na yarinta cikin kwali, ƙura ta rufe shi. Na marigayi yayana ne. Mu dai Nintendo muke ce mishi, kodayake ba haka aka rubuta a jikinsa ba. Da yake ilimin harsuna nake karantawa, sunan ne ya fara ja na, daga nan na afka cikin tarihi.

Nintendo tsohon kamfani ne: a 1889 aka kafa shi a Kyoto ta ƙasar Japan, karta yake bugawa. Sai a Yulin 1983 ya fito da na'urar da ya kira Family Computer, wato kwamfutar iyali, aka gutsure kalmomin biyu aka haɗe, ta zama Famicom. A 1985 ta shiga Amurka da sunan NES, shekarar da Super Mario Bros. ya fito.

To ga inda abin ya shafe mu. Ta Amurka an sa mata wani ɗan guntu mai gadi, mai ƙin duk kaset ɗin da kamfani bai yarda da shi ba. Ta Japan ba ta da maigadi. Sai masana'antun Taiwan da Sin suka duƙufa kwaikwayonta. A Rasha kwaikwayon ya yi suna da Dendy tun 1992, wani kuma aka yi mishi siffar PlayStation, aka raɗa mishi PolyStation. Irin waɗannan ne suka iso kasuwanninmu. Kaset ɗin Amurka haƙora 72 gare shi, na Japan 60. Na ƙirga namu: 30 kowane gefe, 60 cif. Ashe jikan Famicom muka yi ta bugawa, da kaset mai alkawarin wasa 9999, alhali wasanni ƙalilan ne ake ta maimaitawa.

Da na jona shi ga tsohuwar tele, ba hoto, sai toka-toka. Hannuna ya kai kaset baki kafin in yi tunani, don hurawa ce maganinmu a da. Kuskure ne: danshin numfashi ke sa haƙoran tsatsa. Auduga da alkol ake gogewa. Na goge, shiru. Na kwance akwatin, ciki kusan wayam, sai ɗan allo da ɗigon baƙi kamar kwalta. Na'urar duka tana ƙarƙashinsa, in ya mutu ba gyara. Gabana ya faɗi wallahi. Mai gyaran rediyon unguwarmu ya duba ya ce, "Ɗan samari, waya ce ta saki." Ya ɗiga mata dalma, Mario ya fito.

Masu tara tsofaffin na'urori a waje ta asali suke bi da tsada, musamman da Nintendo ya daina ƙera Famicom a 2003. Irin tamu jabu ce a wurinsu. Ni ban yarda a raina ta ba. Kiɗan Mario da ke kunnena ma nata ne: hoto 50 take yi a daƙiƙa, ta Japan 60, shi ya sa da na ji na asali a intanet na ga kamar sauri yake.

Bindigar harbin agwagwa ita ma ta tashi, amma ga tele mai ƙatuwar ƙeya kawai take aiki. Na roƙi Inna kar ta sayar da tata.