Sana'ar girka ƙararrawar tsaro a Nijar: takardu da lissafin da ke gaban mai son shiga

Ƙararrawar tsaro na'ura ce da ake girkawa a gida, kanti ko mangaza domin ta yi jiniya, ko ta aika saƙo ta salula, idan an ɓalle ƙofa ko an yi motsi a wurin da aka rufe. A Yamai, Maraɗi da Damagaram, galibin masu shiga wannan aiki suna da wata sana'a tun da farko: masu jan wayar kuran, masu girka hasken rana, masu saida kamara. Haɗa wayoyin ba ya ba su wuya. Abin da ke raba su shi ne amsar tambaya guda: idan jiniya ta tashi da ƙarfe biyu na dare, wa zai zo?

Wanda ya girka na'ura ya miƙa wa mai gida, saƙon kuma yana zuwa wayar mai gidan, aikinsa na ɗan kasuwa ne mai sana'ar hannu. Wanda ya yi alkawarin sa ido dare da rana, ko tura mutane idan abu ya faru, ya shiga fagen kamfanonin gadi, waɗanda ke aiki da izinin ofishin ministan cikin gida. Mai son ƙara wannan hidima ya kamata ya kai wa ofishin bayanin abin da zai yi, ya samu amsa a rubuce kafin ya buga talla. Hanya mafi sauƙi ga ƙaramin mai sana'a ita ce ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin gadi mai izini: shi ya girka ya riƙa gyara, su su kai ɗauki.

Rajistar kasuwanci

Nijar mamba ce ta OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci. A ƙarƙashin dokokinta ɗan kasuwa yana yin rajista a RCCM, ya kuma karɓi lambar NIF daga ma'aikatar lanho. Ana haɗa waɗannan takardu ta Maison de l'Entreprise. Wanda ya riga ya yi rajista a matsayin mai aikin kuran sai ya duba abin da aka rubuta a kan sana'arsa. Idan babu kayan tsaro a ciki, akwai rajistar gyara da ake yi a RCCM. Wannan na da amfani ranar da banki ko wata ƙungiya ta buɗe kwangila, domin takardun ake fara dubawa kafin farashi.

Gyaran dokar da aka yi a 2010 ya kawo matsayin entreprenant ga ƙananan masu sana'a, wanda sanarwa kawai yake buƙata. Sai dai a wannan sana'a kamfani irin SARL ya fi kare mutum, tunda yana raba dukiyar gidansa da bashin kamfani. Ma'aikata kuma dole a sa su a CNSS, kuma aikin hawan tsani da taɓa kuran ba wanda za a yi wa sakaci ba ne. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. Wanda ke ƙarƙashinsa ya manta da shi a ƙiyasi, daga aljihunsa zai fito.

Hukumomi biyu da ake mantawa da su

Yawancin na'urorin yau suna ɗauke da katin SIM, kuma sassansu na magana da juna ta iska. Amincewa da kayan sadarwa aikin ARCEP ne, don haka mai shigo da su da yawa ya tabbatar samfurin ya samu amincewarta kafin kaya su iso duwan. Layin kuma gara a yi masa rajista da sunan mai gidan. Idan yana da sunan mai girkawa, duk ranar da kuɗi suka ƙare a kai saƙo bai fita ba, shi za a nema.

Ta biyu ita ce HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, wadda dokar 2017 ta kafa, aka kuma sabunta dokar a 2022. Hoton mutum a kamara yana cikin bayanan da ake karewa. Mai girkawa yana sanin lambar sirri da lungun da kamara ba ta gani, wani lokaci ma hotunan gidan na faɗowa a wayarsa. A gidan da ake kulle wannan babbar magana ce. Daidai shi ne mai gida ya canza lambar da hannunsa ranar miƙa aiki, a kuma kauce wa juya kamara zuwa tsakar gidan maƙwabta.

Zafi, ƙura da yankewar kuran

Na'urar gane motsi da aka fi amfani da ita tana aiki ne da bambancin zafin jikin mutum da na ɗaki. A watannin Afrilu da Mayu, mangaza mai rufin kwano na iya yin zafin da ya kai na jiki, sai ganinta ya ragu. Shi ya sa ake haɗa ta da maganaɗisun ƙofa, ko a sa mai gani ta hanya biyu. Ƙurar hunturu tana tada na'urar gane hayaƙi a banza; kyanwa da jemage suna tada ta motsi. Jiniyar da ta yi ƙarya sau uku, a na huɗu maƙwabta ba za su fito ba.

Batir mai volt 12 da ke cikin akwatin na'urar shi ke riƙe ta idan NIGELEC ta ɗauke wuta, kuma zafi yana rage masa kwana sosai. Lokacin da Najeriya ta yanke kuran da take bai wa Nijar, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, an ga yadda yankewa ke iya daɗewa. Ƙaramin faifan hasken rana yana magance wannan, kuma nan ne masu wannan sana'a tun asali suka fi sauran dama.

Inda kuɗin yake

Ribar girkawa sau ɗaya ce, kuma kasuwa na matse ta. Kuɗin da ke ɗorewa yana cikin yarjejeniyar kulawa: ziyara lokaci-lokaci, share ƙura, gwada jiniya, canza batir. Wannan na buƙatar ajiye kayan canji, musamman tun da rufe iyakar Benin a 2023 ya karkata kaya zuwa hanyar Lome ta Burkina Faso, mai tsawo da tsada. Riƙe samfuri ɗaya ko biyu ya fi tara iri goma da ba a samun sassansu.

Yarjejeniyar ta faɗi wuraren da na'ura ta rufe da waɗanda mai gida ya ƙi biya, awa nawa batir zai riƙe, wa ke zuba kuɗi a layi, wa ke kiran ƴan sanda a lamba 17 ko ƴan kwana-kwana a 18. Ta kuma faɗi a fili cewa ƙararrawa tana sanarwa ne, ba ta hana sata. Idan aka fasa kantin da ke da hajar miliyoyin sefa, wannan takarda da littafin ziyarar da mai gida ya sa wa hannu su ne abin da mai girkawa zai nuna wa alƙali.