Jirgin Gangara na Katako: Daga Tudun Ƙanƙara Zuwa Ƙananan Wuraren Wasa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Faru, ko a wani ƙauyen da ke tsakanin Maradun da Bakura da Talata Mafara, ya san lilo. Igiyar rama ce ake ɗaurawa a reshen tsamiya, a sa guntun katako a zauna, babban yaro ya tura ƙarami har sai ya hango rufin ɗakunan unguwa. Wanda lilo bai ishe shi ba sai ya ari kurar masu ga-ruwa, su cika ta su uku ko huɗu, a kai ta kan gangare a sake. Daidai lokacin da kurar ta ɗauki gudu, hanjin cikinka ya kaɗa, ka rasa ihu za ka yi ko dariya, to wannan ɗan lokacin shi ne abin da manyan kamfanonin duniya suka yi fiye da shekara ɗari suna sayarwa.

Abin da suke sayarwar shi ne jirgin gangara: 'yan taragogi a kan dogo mai hawa da sauka, ba inji a jikinsu. Sarƙa ke jan su zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan nauyinsu ne kaɗai ke tafiyar da su har su dawo inda suka tashi. Shi ya sa tudun farko kan fi duk na bayansa tsawo.

Asalinsa daga Rasha ne. Tun ƙarni na 17 mutanen can ke kafa dogon dandamali na katako a lokacin hunturu, su kwarara masa ruwa ya daskare, a hau da tsani a sulalo. Faransawa suka gani suka yi sha'awa, amma sanyin ƙasarsu bai kai ya riƙe ƙanƙara ba, sai suka sa wa abin ƙafafu. A 1817 aka buɗe irinsa a birnin Paris, kuma har yau da Faransanci “duwatsun Rasha” ake ce wa wannan wasa.

A Amurka kuwa aikin ƙarfi ne ya haife shi. A 1827 aka shimfiɗa dogo mai tsawon kusan kilomita 14 a Mauch Chunk, cikin jihar Pennsylvania, don sauko da kwal daga kan dutse zuwa bakin kogi. Taragon kan gangaro da kansa, alfadarai su ja shi wayam su mayar sama. Su ma alfadaran a cikin tarago ake sauko da su, su huta kafin hawa na gaba. Mutane suka fara roƙon a ɗauke su, suna biyan kuɗi. Da aka samu wata hanyar fitar da kwal a farkon shekarun 1870, dogon ya koma na 'yan yawon buɗe ido zalla.

Wanda ya mayar da shi sana'a shi ne LaMarcus Thompson. A watan Yunin 1884 ya buɗe nasa a Coney Island, bakin teku a New York. Na katako ne, tsawonsa bai kai mita 200 ba, gudunsa kusan kilomita 10 a awa, wato mai keke ma zai wuce shi. Fasinjoji a kan benci suke zama suna kallon gefe, ma'aikata su tura taragon da hannu. Kuɗin hawa santi 5. Duk da haka layi ya ƙi ƙarewa, cikin 'yan makonni ya mayar da uwar kuɗinsa. Shekara guda bayan haka wani mai suna Phillip Hinkle ya sa injin da ke jan tarago zuwa sama, hannu ya huta.

Saura matsala ɗaya, kuma babba: in gudu ya yi yawa, tarago na iya tashi daga kan dogo. John Miller ne ya warware ta, ya yi wa dabararsa rajista a 1919. Ya sa ƙafafu kashi uku: wasu a saman dogo suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe suna riƙe kwana, wasu a ƙarƙashi sun cafke dogon kamar yadda yatsu ke cafke sanda. Daga nan magina suka samu sarari. Shekarun 1920 suka zama kakar jirgin katako, aka gina ɗaruruwa a Amurka. Mafi shahara shi ne Cyclone na Coney Island, na 1927, mai tsayin mita 26, wanda har yanzu yake ɗaukar mutane. Sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo, Yaƙin Duniya na Biyu ya biyo baya, talabijin ta zaunar da mutane a gida. Wurare da dama suka rufe, wasu wuta ta cinye, wasu aka rushe aka gina gidaje a filin.

A cikin wancan lokaci na ƙunci ƙananan ne suka riƙe sana'ar. Bayan yaƙi haihuwa ta yawaita a Amurka, aka riƙa buɗe 'yan wuraren wasa na yara a gefen gari. Herbert Schmeck na kamfanin Philadelphia Toboggan ya zana musu 'yan madaidaita, waɗanda uba zai hau da ɗansa ba fargaba. Ɗaya daga ciki, Little Dipper na 1950 da ke kusa da Chicago, da wurinsa ya rufe ba a yar da shi ba; kwance shi aka yi aka sake kafawa a wani wurin a 2010.

Ƙarfe ya samu karɓuwa daga 1959, lokacin da wurin wasa na Disneyland ya yi dogo da bututun ƙarfe wanda ake lanƙwasawa yadda aka ga dama. Katako ya farfaɗo a 1972 da The Racer na Kings Island a jihar Ohio, amma sai gasar girma ta shiga. A wurin dai aka buɗe The Beast a 1979, dogonsa ya haura kilomita 2. A 2000 aka ƙara da Son of Beast mai tsayin mita 66. Wannan ya wuce abin da katako zai ɗauka cikin daɗin rai: jijjiga ta yi yawa, mutane suka ji rauni a 2006, aka rufe shi a 2009, aka rushe a 2012. A ganina nan ne masu sana'ar suka dawo hayyacinsu, suka tuna cewa akasarin masu wuraren wasa ba attajiran kamfanoni ba ne, iyalai ne masu ɗan fili da ɗan jari.

Kamfanoni biyu suka fi mayar da hankali ga irin waɗannan mutane: Great Coasters International da aka kafa a 1994, da The Gravity Group na 2002. Abin da suka fi gyarawa shi ne taragon. Tsohon tarago sandararre ne kamar akwati, in ya shiga kwana mai tsanani sai ya riƙa gurzar katako. Sababbin suna da gaɓoɓi, kowane layin kujeru na lanƙwasa da kansa kamar tafiyar maciji. Da haka ana iya murɗa dogo ya bi ta ƙarƙashin kansa a ɗan ƙaramin fili, katako ya daɗe, kuɗin gyara ya ragu. A 2011 wani wurin wasa na iyali a bakin tafki a jihar Connecticut, Quassy, wanda ke aiki tun 1908, ya buɗe Wooden Warrior. Tsayinsa kimanin mita 11 ne, dogonsa bai kai mita 400 ba, mutum 12 yake ɗauka, kuma 'yan firamare ne suka raɗa masa suna. Masu bin irin wannan wasa gari-gari suka yaba shi fiye da wasu da suka ninka shi sau huɗu. White Lightning na Orlando ya biyo baya a 2013, ginshiƙansa ƙarfe, dogonsa katako.

Dogon nan ya cancanci a dube shi kusa, domin aikin kafinta ne tsantsa. Falankin katako ake jerawa hawa-hawa, kamar bakwai ko takwas, a buga da ƙusa, a shimfiɗa siririn ƙarfe inda ƙafafu za su bi. Katako yana numfashi: da damina ya kumbura, da rani ya tsuke, ƙusa ta ɗago kai. Saboda haka kowace safiya, kafin a buɗe ƙofa, kafintoci ke bin dogon a ƙafa da guduma, suna ƙwanƙwasawa suna saurare. Wanda ya ji wani wuri ya yi amon holoƙo sai ya tsaya ya canja falankin.

Wannan kulawa ta kullum ita ce abin da ya fi tsaya mini a rai in na tuna namu wuraren. A Abuja akwai Wonderland da aka buɗe a 2007, wanda aka koma kira Magicland. A Kano, duk ranar Sallah gidan zu na Audu Baƙo kan cika maƙil da yara, ana layin hawa lilon ƙarfe. Sha'awar tana nan ba ta da iyaka. Amma sau nawa muka ga abin wasa an kafa shi da biki, bayan shekara biyu ya yi tsatsa, ba mai ɗiga masa ko mai? Ga mu da gara, ga iskar hunturu mai tsaga katako, ga dazukan Zamfara da suka ragu, suka kuma zama wurin da ba kowa ke iya shiga ba. Sai dai kafintocinmu ba baƙin waɗannan matsaloli ba ne. Sun san ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita tana shekaru ba ta ruɓe ba, sun san azarar giginya da gara ke shakka.

A gefen Maradun da Talata Mafara akwai madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ga tafki shimfiɗe, ga fili a bakinsa. Yanayin ya yi kama da na Quassy, ruwa da iska da iyalai masu neman inda za su kai yara ranar hutu. Yaran Faru dai har yanzu reshen tsamiya suke nema. Kafin ƙarami ya hau, babban yakan kama igiyar da hannu biyu ya rataya da dukan nauyinsa, ya ja sau biyu ko uku, sannan ya ce masa ya zo ya zauna.