Hanya da Hannun Hukuma a Tarihin Cinikin Gyaɗa a Ƙasar Kano

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani zan yi ƙoƙari in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai yadda hanya da taimakon hukuma suka ta da cinikin gyaɗa a ƙasar Kano, da kuma yadda cinikin ya faɗi alhali hanyar tana nan. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, hanya takan buɗe ƙofar arziki, amma farashin da manomi ya samu shi ke sa ƙofar ta zauna a buɗe.

Kafin zuwan Turawa, fataken Kano da ƙafa da jaki da raƙumi suke fatauci. Ayari kan tashi da madugunsa ya nufi Gwanja sayen goro, ya yi watanni yana yada zango. Wani kuma ya keta Sahara zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina. Tun da yake tafiyar mai tsawo ce, ba a ɗaukar kaya sai marar nauyi mai tsada. Gyaɗa kuwa ga nauyi ga araha, saboda haka a gida take tsayawa, mata su yi mai da ƙuliƙuli.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta don sufuri a 1912. Turawan Ingila auduga suke kwaɗayi, domin masaƙun Lankasha. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da ta Bature. Gyaɗa kuma ba ta da wahalar aiki kamar auduga, tana son jigawa, tana gyara ƙasa, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta. Ga shi haraji ya koma na tsabar kuɗi. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Watau an shimfiɗa hanya don auduga, sai ga gyaɗa ta hau.

Waɗanda suka fara cin moriyar wannan su ne tsofaffin fataken goro, irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo. Suna da jari, suna da yara a ƙauyuka, manoma kuma sun amince da su. Kamfanonin Turawa suka riƙa ba su kuɗi, su kuma suna tura yaransu da sikeli. A ɗaya gefen kuma, ayarin Sahara ya mutu, goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, daga can jirgi ya kawo shi Kano. Garuruwan da suka rayu da saukar fatake da yawa suka ja baya.

Daga baya aka miƙa reshen jirgi zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. En'e-En'e suka yi ta share hanyoyin mota da kuɗin baitulmali, don a kawo amfani bakin tasha. Da haka Funtuwa da Gusau da Nguru suka cika suka batse. Sai dai in mutum ya duba taswira zai ga hanyoyin nan duk teku suke fuskanta. Ba a yi su don Katsina ta yi ciniki da Bauci ba.

Har dalar gyaɗar da muke alfahari da ita tana da nata bayanin. Jirgi ne ya kasa kwashe abin da aka noma, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, sai aka riƙa jibge buhuna ana jiran tarago. Dala ɗaya takan ɗauki buhu wajen 15,000. Alamar albarka ce, kuma alamar ƙarancin hanya ce.

Sai kuma hannun hukuma. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi, ita ke ba masu saye lasin, ita kaɗai ke fitarwa waje. Dalilin da aka bayar shi ne a tsare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. Ba na musun an yi aikin alheri da rarar da ta tara, kamar hanyoyi da makarantu da jarin masana'antu. Attajiran gida kuma sun sami lasin, sun sayi motoci, sun yi ƙarfi. Amma shekara da shekaru ana biyan manomi ƙasa da abin da gyaɗarsa ta kawo a Turai. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Da fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manomi ba shi da ajiyar da zai jure. Kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati, samari suka nufi birni. Kafin shekarun 1970 su ƙare dala ta ɓace, a daidai lokacin da ake malala kwalta fiye da kowane zamani. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya.

A ƙarshe, ni a ganina, duk wanda ya ce mana sabuwar hanya za ta kawo arziki, ya kamata mu yi masa tambaya biyu: ina ta nufa, kuma nawa zai shiga aljihun wanda ya noma abin da za ta ɗauka? Da yawa cikinmu kuɗin gyaɗar kakanninmu ne ya share mana hanyar makaranta, gobe kuma mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake yanke irin wannan shawara. Allah ya sa mu tuna da manomi.