Hugh Herr, Masanin da Ya Ƙera wa Kansa Ƙafa

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, a wannan fitowa zan kawo tarihin wani masani ɗan ƙasar Amurka mai suna Hugh Herr, wanda ya haɗa ilimin kwamfuta da na'urorin aune-aune da ƙirar inji domin masu yankakkiyar ƙafa su yi tafiya kamar kowa.

An haife shi a jihar Pennsylvania a 1964, kuma tun yana yaro ya yi suna wajen hawan duwatsu. A watan Janairun 1982, yana ɗan shekara 17, shi da abokinsa suka ɓace a kan dutsen Washington cikin guguwar dusar ƙanƙara, suka kwana uku a daji. Da aka gano su sanyi ya riga ya kashe masa ƙafafu, dole likitoci suka yanke duka biyun daga ƙasan gwiwa. Wani ɗan sa kai mai suna Albert Dow ya rasa ransa wajen nemansu, sa'ad da ƙanƙara ta rufto masa. Wannan mutuwa ta tsaya wa Herr a rai, ya ɗauke ta tamkar bashi a wuyansa.

Ƙafar robar wancan zamani ba ta wuce sanda ba, sai mai ita ya ja ta da ƙarfin cinyarsa. Herr ya shiga ƙera nasa ƙafafun, wasu sirara don shiga tsagin dutse, wasu masu ƙayoyin ƙarfe don kama ƙanƙara, har ya koma hawa. Daga nan ya tsunduma karatu: digirin farko kan fiziks a Jami'ar Millersville, na biyu kan injiniyanci a MIT, na uku kuma a Harvard. Daga baya ya zama shugaban wani sashen bincike a MIT.

Abin da ya lura shi ne, ƙafar mutum aiki uku take yi a lokaci guda. Jijiyoyi suna jin ƙasa, ƙwaƙwalwa tana yanke shawara, tsoka tana ba da ƙarfi. Saboda haka ƙafar da za ta maye gurbinta sai ta sami na'urar da ke auna nauyi da lanƙwasa, da ƙaramar kwamfuta mai lissafi, da inji mai turawa.

Aikinsa na farko da ya shiga kasuwa gwiwa ce mai suna Rheo Knee, wadda kamfanin Össur ya fitar. A cikinta akwai ruwa mai garin ƙarfe. Idan kwamfuta ta ƙara ƙarfin maganaɗisu sai ruwan ya yi kauri, gwiwa ta riƙe. Idan ta rage sai ya tsinke, gwiwa ta saki. Mujallar Time ta sa ta cikin fitattun ƙere-ƙeren 2004. A 2007 ta sake yaba masa kan idon sawu mai batir, wanda ke tunkuɗa mutum gaba a kowane taku kamar yadda tsokar sha-raɓa ke yi. Duniya ta ga amfaninsa a 2014, lokacin da wata mai sana'ar rawa da ta rasa ƙafa a harin bam na Boston na 2013 ta taka rawa da shi a gaban jama'a.

Sai dai inji, komai kyansa, ba ya jin umarnin mai shi. Don haka a 2016 shi da likita Matthew Carty suka fara wata sabuwar tiyata, inda ake ɗinke tsokoki biyu masu jan juna a cikin dungun, ta yadda in ɗaya ta tsuke ɗayar za ta miƙe. Da haka ƙwaƙwalwa ke sanin inda ƙafa take, na'ura kuma ta karanta motsin tsokar ta bi. Binciken da suka buga a 2024 ya nuna mutum bakwai da aka yi wa wannan tiyata sun fi sauri, sun kuma fi iya hawa bene, a kan bakwai da aka yi wa irin ta da.

Babbar matsalar da ta rage ita ce tsada, domin irin wannan ƙafa tana cin dubban daloli, ta fi ƙarfin talaka. A nan ne ɗalibinsa David Sengeh, ɗan ƙasar Saliyo, ya shigo. Ya ga mutanen da aka yanke wa gaɓoɓi a yaƙin basasar ƙasarsu suna ajiye ƙafar da aka ba su kyauta, saboda kwanson da ake zura dungu yana gurje su. Sai ya yi digirinsa na uku kan yadda za a ɗauki hoton cikin dungu, kwamfuta ta zana kwanson da ya dace da shi. Ya zama ministan ilimi a 2019, sannan Babban Minista a 2023.

Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Herr da Sengeh duka sun fara da ciwon da suka sani, sannan suka nemo ilimin da zai magance shi. Injiniyoyi da likitoci da ke cikinmu suna ganin irin waɗannan majinyata kullum, daga haɗarin mota zuwa ciwon sukari, kuma kwanso mai kyau da araha aiki ne da za su iya somawa da shi.