Me Ya Sa Jan Zakara Ke Haifar Farin Tsako?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako. An kwantar wa baƙar kaza ƙwai goma sha biyu, zakaran gidan kuma ja ne, amma ranar ƙyanƙyasa sai ga farare uku a ciki. Nan take uwar gida za ta ce zakaran maƙwabta ne ya tsallako. Wani lokaci gaskiyarta ne. Wani lokaci kuwa zakaran maƙwabta bai san hawa ba bai san sauka ba. Amsar tana da dogon tarihi, kuma tana taɓa aljihunka.

Mu fara daga tushe. Zabo ɗan Afirka ne, amma kaza baƙuwa ce. Kakanta wani tsuntsun daji ne da ke kudu maso gabashin Asiya, namijinsa ja mai baƙar jela, macensa kuma mai launin ƙasa don ta saje da ciyawa in tana kwanci. Ƙasusuwan kajin gida mafi daɗewa da masana suka gamsu da su an tono su ne a wani wuri mai suna Ban Non Wat a ƙasar Tailan, kuma shekarunsu sun haura 3,000. Daga can kaza ta bi fatake da jiragen ruwa. An sami ƙasusuwanta a arewacin Habasha na wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa, an kuma same su a tsohon birnin Jenne na ƙasar Mali, na fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Ka ga ke nan kaza ta riga kan iyaka zuwa ƙasashenmu nesa ba kusa ba.

A daji, tsuntsun da ya fito fari ba ya daɗewa, don shaho ke fara ganinsa. A gida kuwa mutum ya tsare shi, har ma ya so shi. Haka launuka suka yi ta taruwa cikin kajin gida: ja, baƙi, fari, toka-toka, wake-wake. Kai makiyayi ba sai an gaya maka gado gaskiya ne ba. Ka san farar saniya mai baƙin kunne, ka san jar Bororo, ka san tunkiya Uda da gabanta duhu bayanta fari. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai shi ne yadda launi ke ɓacewa a 'ya'ya, sa'an nan ya ɓullo a jikoki.

Wanda ya fara warware wannan ƙulli wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu. Shi da wake ya yi aikinsa, irin waken Turawa. Ya shekara takwas yana haɗa iri da iri yana ƙirga abin da ya fito, ya gabatar da sakamakonsa a 1865, aka buga a 1866. Abin da ya gano shi ne, kowace siffa tana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata kuma mai laɓewa ce, ba ta fitowa sai ta haɗu da 'yar uwarta. In uwa da uba duk suna ɗauke da mai laɓewar, to kusan ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu zai fito da ita. Mendel ya rasu a 1884 ba wanda ya kula da aikinsa, sai a 1900 aka sake gano shi.

To, ina kaza ta shigo? A Ingila, wani masani mai suna William Bateson yana haɗa kaji iri-iri, kuma a 1902 ya nuna cewa lissafin Mendel yana aiki a kan kaji kamar yadda ya yi a kan wake. Wato kaza na cikin dabbobin farko da aka gwada wannan ilmi a kansu. Daga nan aka fahimci cewa fari iri biyu ne. Akwai farin kazar Legon, mai asali daga Italiya, wanda ke rinjaye, yana rufe baƙi tun a haihuwar farko. Akwai kuma farin da ke laɓewa. Jan zakara da baƙar kaza na iya ɗauke da shi shekara da shekaru ba wanda ya sani, sai ranar da biyun suka haɗu. Ga amsar uwar gida: uku cikin goma sha biyu, ai ɗaya cikin huɗu ke nan.

Bateson da abokin aikinsa Reginald Punnett sun kuma bi diddigin wata kaza mai launin toka da ake kira Andalusiya. Masu kiwonta sun sha wahala, domin in ka haɗa mai toka da mai toka, rabin 'yan tsakin ne kawai ke fitowa toka. Kashi ɗaya cikin huɗu baƙi, ɗaya cikin huɗu fari mai ɗigo-ɗigo. Amma in ka haɗa baƙin da farin mai ɗigon, duka sai su fito toka. Ka lura da wannan da kyau: akwai kyan da ba ya tsayawa a zuriya, sai an koma ga iyayen asali a sake haɗawa.

Sai abu na uku, wanda ya zama kuɗi. A wajen kaji, uwa ce ke yanke ko tsako zai zama mace ko namiji, kuma akwai launin da take ba 'ya'yanta maza kaɗai. In aka haɗa jan zakara irin Rhode Island da kaza mai zanen baƙi da fari layi-layi irin Plymouth Rock, zakarun za su fito da farin tabo a ka, matan kuma baƙaƙe ba tabo. In ka juya haɗin, dabarar ta rushe. Punnett da Michael Pease sun ƙirƙiro wani iri mai suna Cambar wanda ake gane macensa da namijinsa tun ranar ƙyanƙyasa, suka nuna shi a babban taron masu kiwon kaji na duniya a Landan a 1930. Yawancin jajayen kajin ƙwai da ake kawowa cikin kwali a yau da launi ake tantance su: matan jajaye, mazan farare.

Wannan ilmi ya iso gida. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta samar da FUNAAB Alpha, aka yi mata rajista a 2018. Ga kuma Noiler da ta cika kasuwanni, masu launi barkatai kamar kajin gida. A shekarun baya an yi shirye-shiryen musayar zakaru a ƙasashen Afirka da dama: a karɓi zakaran gida, a ba da na Turawa. Sau da yawa abin bai ɗore ba, don baƙon zakara bai saba da tsince-tsince da zafi da ciwon hunturu ba.

To, me za ka ɗauka daga wannan tarihi in za ka sayi kaji a Maigatari ko Illela ko Maraɗi?

Kazar kwali haɗi ce, kamar waccan mai launin toka. Ita tana iya yin ƙwai kusan 300 a shekara in ta sami abinci da magani, alhali ta gida ba ta cika wuce 60 ba. Amma 'ya'yanta ba za su yi kamar ta ba, launi zai warwatse, ƙwai ma zai ragu. Duk wanda ya sayar maka da jikokin kazar kwali da sunan iri ɗaya ne, ya ci kuɗinka. Sa'an nan yawancinsu ba sa kwanci. In ka bar jininsu ya cinye garkenka, wata rana za ka tara ƙwai ba mai kwanta musu kwana 21. Ka riƙe kajin gida masu kwanci da iya reno, kada ka sayar da su duka don ganin ƙaton zakara.

Launi ba ya yin ƙwai, ba ya sa nama. Abin da ya fi launi amfani a ƙasarmu ta zafi shi ne irin kazar nan mai wuya ba gashi da mai gashi a murɗe, waɗanda wasu ke rainawa, alhali ƙarancin gashin yana taimaka musu su jure zafi. In kuwa launi kake nema don kasuwa ta fi son farin zakara ko ja, ka ware kazar daga sauran zakaru na mako uku kafin ka tara ƙwan kwanci, domin barbarar zakara ɗaya na iya aiki a jikinta har tsawon mako biyu ko fiye. Ka riƙa sauya zakara daga wani gida, kada uba ya yi ta hawan 'ya'yansa.

Kuma ka tuna kaza ba launi kaɗai take tsallaka iyaka da shi ba. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya ta Nijar. Sabuwar kaza, komai kyanta, a killace ta mako biyu kafin ta shiga akurki.

Mu haɗu a shiri na gaba, inda za mu yi maganar rigakafin ciwon kaji kafin hunturu ya shigo. Allah ya sa albarka a kiwo da kasuwa.