Horon sanin makamar aiki a fannin kimiyyar dabbobi a yankin Tambuwal

A duk shekara jami'o'i da kwalejojin aikin gona na arewacin Najeriya kan tura ɗalibansu gonaki da mayanka da asibitocin dabbobi, domin su gwada da hannunsu abin da suka karanta a aji. Wannan shi ne ake kira horon sanin makamar aiki.

Ga ɗalibin da ya fito daga ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, lamarin yana da wani abin mamaki. Ya tashi ne a tsakiyar shanu da tumaki da awaki, amma sau da yawa sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami gonar da za ta sa masa hannu a takarda cewa ya koyi kiwo.

Bambancin masanin kiwo da likitan dabbobi

Mutane da dama kan ɗauka abu ɗaya ne, har sukan kira duk wanda ya karanta fannin da suna likita. To amma fannoni biyu ne dabam.

Likitan dabbobi yakan shafe shekara shida a jami'a, kuma aikinsa shi ne gano cuta, da ba da magani, da tiyata, da duba lafiyar nama. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ce ke yi masa rajista.

Shi kuwa masanin kimiyyar dabbobi yakan yi shekara biyar ne a tsangayar aikin gona. Abin da ya sa a gaba shi ne dabbar da take lafiya: me za ta ci, yaya za ta yi ƙiba, da wane namiji za a haɗa ta, lita nawa na madara za ta bayar, sannan nawa mai ita zai kashe kuma nawa zai samu. Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Najeriya, wato NIAS, wadda aka kafa da dokar majalisa a shekarar 2007, ita ce ke sa ido a kan wannan sana'a. Wanda ya kammala digiri kan shiga cibiyar a matakin farko, sai bayan ya yi aiki ya cika sharuɗɗanta ake ba shi cikakkiyar rajista.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga ɗalibin da ke horo a karkara, domin da zarar makiyaya sun ji ɗan jami'a ne, abin da za su fara kawo masa shi ne saniyar da ta kwanta. Doka ba ta ba shi ikon yin aikin likita ba, kuma wanda ya yi gangancin yin allura dabba ta mutu, zai ɗauki lokaci kafin a sake yarda da shi a wannan ruga.

Asalin tsarin

Gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, a shekarar 1971, kuma hedkwatarsa na garin Jos. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, bayan da masu masana'antu suka yi ta ƙorafin cewa ɗaliban da ake yayewa sun san littafi amma ba su san aiki ba.

A ƙarƙashin shirin, ɗalibin jami'a kan yi wata shida a wurin aiki, ɗalibin ƙaramar difloma kuma wata huɗu. Wanda ya gama ƙaramar difloma ana buƙatar ya ƙara shekara guda ta aiki kafin ya koma babbar difloma. Ana ba kowane ɗalibi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, shugaban wurin aikin ya sa hannu, malami kuma ya zo daga makaranta ya duba. An shafe shekaru masu yawa alawus ɗin da gwamnati ke biya yana naira 2,500 a wata, kuma jinkirin biyansa tsohon kuka ne a wurin ɗalibai.

Tsangayoyin aikin gona sun ɗara sauran a wannan fuska, domin shekara ta huɗu gaba ɗayanta ake warewa don aikin gona a aikace. A cikinta ɗalibi kan yi noma, ya share garke, ya haɗa abincin kaji, ko da kuwa niyyarsa ita ce ya ƙware a fannin tattalin arzikin noma.

Ina ɗaliban yankin ke karatu da horo?

Makarantar da ta fi ɗaukar 'yan yankin ita ce Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Tana da sashen kimiyyar dabbobi a tsangayar aikin gona, da tsangayar likitancin dabbobi mai asibitin koyarwa, da kuma gona a Dabagi. Akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, kuma ta fi kusa da Tambuwal a kan hanyar Jega. Masu neman difloma kan nufi kwalejin aikin gona da kimiyyar dabbobi ta jiha da ke Wurno.

Wurin da ɗalibai suka fi so a tura su shi ne Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya. Ta samo asali ne daga gonar gwaji da Turawan mulkin mallaka suka buɗe a 1928, ta zama cibiyar ƙasa a 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A nan aka samar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown, wadda ke jure zafin wannan yanki. Ɗalibi kan ga yadda ake yi wa saniya barbara ta hanyar zamani ba tare da bijimi ba, da yadda ake noma ciyawa a adana ta.

Ta biyu ita ce Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ke can tun 1924, kuma daga ita ake samun yawancin alluran rigakafin da ake yi wa dabbobi a ƙasar.

Sai dai guraben waɗannan cibiyoyi kaɗan ne, kuma zaman wata shida a Zariya ko Vom yana buƙatar kuɗin ɗaki da na abinci. Saboda haka ɗan talaka yakan ƙare ne a ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, ko mayankar Sakkwato, ko wata gonar kaji a bayan gari. Wasu wuraren akwai aiki sosai. Wasu kuwa babu abin da ɗalibi ke yi sai sa hannu a rajista da safe.

Dabbobin da zai tarar

Ƙasar Sakkwato ta ba da sunanta ga dabbobi biyu da littattafan kiwo na duniya suka sani. Na farko shi ne sa mai gajeren ƙaho da babban tozo da leɓe, wanda makiyaya ke kira Bokolo, masana kuma ke kira Gudalin Sakkwato. Yana da nama, yana da madara gwargwado, ga shi da sauƙin horo a wajen huɗa da jan amalanke.

Ta biyu ita ce jar akuya, wadda a Jamhuriyar Nijar ake kira akuyar Maraɗi. Tana yawan haifar tagwaye, amma fatarta ce ta fi yin suna. Ayarin fatake sun daɗe suna ketara Sahara da jemammiyar fatarta zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. A Maraɗi akwai cibiya ta musamman da gwamnati ta kafa domin kare wannan iri. Ɗalibin da ya fahimci darajar fatar zai gane dalilin da ya sa ake damuwa da wuƙar mai fiɗa, da ƙazuwa, da tabon ƙaya, waɗanda ke karya farashinta.

A ɓangaren tumaki akwai Uda, mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari, da Balami mai girman jiki, da kuma 'yar ƙasa.

Rani shi ne babban malami

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Bayan girbi dabbobi kan shiga gonaki su ci kara, daga nan sai abinci ya riƙa ja da baya har zuwa bazara. Busasshiyar ciyawar da ta rage a daji sinadarin gina jikin da ke cikinta kan faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, alhali tumbin saniya yana buƙatar kusan kashi 7 kafin ya iya narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za a ga saniya cikinta a cike amma tana ramewa.

A nan ne ilimin masanin kiwo ke da amfani a zahiri. Zai iya lissafa wa mai turka rago yawan harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da kowa, da ƙuli-ƙuli ko tunkuzar auduga da ya kamata ya haɗa, gwargwadon farashin kowanne a kasuwa. Zai iya nuna yadda ake jiƙa kara ko bambaron shinkafa da ruwan takin yuriya, kimanin kilo 4 ga kilo 100 na bambaro, a rufe shi mako biyu zuwa uku, domin ya yi laushi ya ƙara amfani. Idan aka yi kuskure a awon yuriyar, ko dabba ta sha ruwanta, tana iya mutuwa cikin sa'o'i, don haka ba aikin da ake koya ta bakin wani ba ne.

Akwai kuma abubuwan da makiyayi ya fi shi sani nesa ba kusa ba. Dillali a kara zai buɗe bakin rago ya faɗi shekarunsa daga haƙora, abin da ke da muhimmanci ga mai sayen ragon layya. Zai dafa gadon bayan sa ya ƙiyasta namansa ba tare da sikeli ba. Ɗalibi yana da igiyar awo da yake zagaya ƙirjin dabba da ita ya fitar da nauyinta, kuma ba kasafai lissafinsa ke yin nisa da na dillalin ba. Abin da ɗalibin ya fi su da shi shi ne rubutu: ranar barbara, ranar haihuwa, abin da aka ci da abin da aka samu. Saniya kan ɗauki ciki kimanin kwana 283, tunkiya da akuya kimanin kwana 150, kuma garken da ake rubuta tarihinsa shi ne ake iya gane wace uwa ce ke cin abinci a banza.

Matsala guda ita ce Fulani da yawa ba sa son a ƙirga musu shanu, wani ɓangare saboda tunawa da jangali. Wanda ya isa ruga da biro da takarda ba tare da ya bi ta hannun arɗo ko dagaci ba, da wuya ya ji gaskiyar adadi.

Bautar ƙasa da neman aiki

Bayan digiri sai shekarar bautar ƙasa ta hukumar NYSC, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Alawus ɗin wata ya koma naira 33,000 a 2020, sannan aka fara biyan naira 77,000 a 2025. Abin da ake yawan gani shi ne a tura wanda ya karanta kimiyyar dabbobi makarantar sakandare ya koyar da darasin noma, maimakon gona. Wannan yana taimakon makarantun, amma yana raba matashin da sana'arsa a daidai lokacin da ya kamata hannunsa ya faɗa.

A da, hanyar da aka sani ita ce ta gwamnati: ma'aikatar da ke kula da dabbobi ta jiha, ko sashen noma na ƙaramar hukuma, ko aikin malamin gona. Yanzu ɗaukar ma'aikata ya ragu matuƙa. Kamfanonin abincin dabbobi da manyan gonakin kaji kuwa sun fi yawa a Ibadan da Jos da Kaduna da Kano, don haka ɗan Tambuwal ko Kebbe da ke son aikin kamfani sai ya bar gida.

Waɗanda suka zauna sukan kama kiwon kajin gidan gona, ko turkar raguna da shanu don Babbar Sallah, ko shagon abincin dabbobi. Jari shi ne cikas na farko, sai tsadar masara da waken soya, waɗanda su ne mafi yawan kuɗin da mai kaji ke kashewa. Ga kuma haɗarin annoba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma cutar ta sake dawowa a shekarun da suka biyo baya.

Mata na shiga fannin, kuma suna da wata dama da maza ba su da ita. Yawancin awaki da tumaki da kajin gida a hannun mata suke a cikin gidaje, inda malamin gona namiji ba ya iya shiga.

Tsaro da manufofin gwamnati

Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka yi ƙamari a Zamfara kafin su bazu zuwa Sakkwato, sun sauya yadda ake horo. Rugagen da a da malami zai kai ɗalibansa, yanzu wasunsu sun tashi, wasu kuma ba a zuwa. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Tambuwal da Kebbe, domin toshe hanyar sayar da shanun sata. Matakin ya shafi dillalai da mahauta da masu turka baki ɗaya.

A matakin tarayya, an ƙaddamar da shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa a 2019. A 2022 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 don shirin bunƙasa kiwo mai suna L-PRES. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, ya naɗa Idi Mukhtar Maiha a matsayin ministanta na farko. Kafin wannan lokaci, harkar dabbobi sashe ce kawai a cikin ma'aikatar aikin gona ta tarayya.